Kalmomin Maƙwabciyata 'Yar Japan

Shekarar da autata ta tafi jami'a a wata jiha, gidanmu na unguwar Glenwood a nan Amurka ya yi mini girma duk da ƙanƙantarsa. Ɗaki biyu ne da falo, sai baranda ta katako mai ƙara idan an taka ta. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi kwana goma a hanya kafin ya leƙo gida ya yi biyu. Ni kuma ina aikin wanki da guga a wani otal da ke kan Gate City Boulevard, in fita da safe in dawo wajen ƙarfe uku. Idan na sauka daga bas a hankali nake takawa, don ba wanda nake sauri in tarar.

Gidan da ke jikin namu na wata tsohuwa ce 'yar Japan. Shekara uku muna maƙwabtaka, iyakarmu ɗaga hannu. Gajeruwa ce siririya, kanta fari fat, kullum tana tsugune cikin shukokinta da malafa a ka. Abin da na sani game da ita bai wuce abin da mai gidan hayarmu ta faɗa mini ba: tun tana budurwa ta auri wani Ba'amurke, ya kawo ta nan, ya rasu ya bar ta, ɗansu guda yana can yammacin ƙasar.

A bayan gidanta akwai wani itace da reshensa ya tsallako shingenmu. Da sanyi ya fara shigowa sai ganyen ya zube, ya bar 'ya'yan a rataye, manya kamar tumatir, launin ruwan goro. Da yamma idan rana ta haske su sai ka ce an kunna fitilu a jikin itacen. Wata rana na fita kwashe shanya, na ga ɗaya ya faɗo a wajenmu. Na goge shi da gefen zane na gatsa.

Bauri ya ɗaure mini baki, harshena ya yi kamar an shafe shi da toka. Amma ban tofar ba. Na san wannan baurin. Na rufe ido, sai ga ni a bayan gonar kakata a wajen Malumfashi, ƙarƙashin kanya, muna jifan ɗanyu saboda ba mu da haƙurin jiran su nuna. Har ƙamshin ƙasar na ji, da kukan kurciya. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, sai na ji dariya daga bayan shinge.

“Shibui!” in ji tsohuwar, tana rufe baki da tafin hannu. “Shibui, ko?”

Na ce mata da Turanci ban gane ba. Ta matso, ta tsuke bakinta ta yamutsa fuska yadda tawa ta yi. Ta ce sunan wannan ɗanɗanon ke nan a harshensu, kuma a Turanci ba ta taɓa samun kalmar da ta gamsar da ita ba. Na ce mu muna da ita, bauri muke cewa. Ta maimaita, “Ba-u-ri,” tana rarraba shi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sunan itacen kaki, in ji ta. Na ce a wajenmu kaki kayan soja ne. Ta sake yin dariya.

Daga nan ta ce shibui ba a baki kawai yake tsayawa ba. Akan faɗe shi ga tsohon kwano ko tufa mai kyau wadda ba ta da hayaniya, ko dattijon da kwarjininsa ba ya buƙatar ado. Ta nuna tsohon mayafina mai ruwan ƙasa wanda wanki ya cinye, ta ce, “Wannan shibui ne.” Na shiga gida ban tabbatar ko yabona aka yi ba.

Kwana biyu bayan haka ta kira ni ta shinge, ta nuna mini yatsunta da suka kumbura a gaɓoɓi. Ta ce lokacin fere kaki ya yi, a shanya su su bushe, hannunta kuma bana ya ƙi. Sai ta faɗi wata doguwar magana, neko no te mo karitai. Ta fassara mini: aiki ya yi mata yawa har da za ta samu hannun kyanwa da ta ara.

Na ce, “To Mama, ga kyanwa ta zo.”

Ranar Asabar na shiga gidanta karon farko. A bakin ƙofa ake cire takalmi, kamar gidan mutanen kirki a garinmu. Falon babu tarkace, sai ɗan gajeren tebur da matasai a ƙasa. A kusurwa akwai wani ɗan akwati mai ƙofa biyu, da hoton mijinta a ciki da ɗan kofin shayi da turaren tsinke. Na kawar da kai, ban san yadda zan yi da shi ba. Ita kuwa ba ta ce in yi komai ba, ranar ko bayanta.

A barandar baya muka zauna da kwanduna uku. Ta koya mini yadda ake fere ɓawon a bar ɗan karan da ke sama, a ɗaure biyu-biyu da zare, a tsoma a tafasasshen ruwa a cire nan take, sannan a rataye a ƙarƙashin rufi inda iska ke wucewa. Kafin la'asar barandar ta cika da su layi-layi, suna juyawa a hankali. Ta kawo shayi kore marar sukari da wata 'yar alawar wake. Na tambaye ta ko akwai alade ko giya a ciki, ta lissafa mini abin da ta zuba ɗaya bayan ɗaya, kuma daga ranar ba ta ƙara miƙo mini abu ba tare da ta lissafa ba. Na ɗauki kofin ina ta hurawa, ita har ta shanye nata.

“Nekojita,” ta ce.

“Yau ma kyanwar ce?” Don na riƙe cewa neko kyanwa ce.

“Harshen kyanwa. Mutumin da ba ya iya shan abu mai zafi.”

Na ce lallai kyanwa ta ga ta kanta a ƙasarsu, an ari hannunta, an ari harshenta. Ta yi dariya har da share hawaye. Ita ba ta kiran sunana, wai yana karya mata harshe. Otonari-san take ce mini, wato maƙwabciya, da ɗan girmamawa a ƙarshe. Ni kuma Mama nake ce mata.

Haka abin ya fara, ba da niyyar karatu ba. Ba allo, ba littafi. Turancinmu duka biyu na aro ne, kowa da inda nasa yake ɗingishi, sai muke cike gurbin da hannu da fuska. Kalma takan faɗo ne kawai idan abinta ya zo wucewa. In na koma gida sai in rubuta ta yadda kunnena ya ji a bayan takardun lissafin zannuwa da nake zuwa da su daga wurin aiki, in saka a aljihun rigar aiki.

Ɗakin wankin otal ɗin yana ƙasa, ba taga. Injuna suna juyawa, tururi yana tashi, fararen zannuwan gado suna fitowa da ɗumi, ba su da iyaka. A da ina ninke su ne kaina babu kowa. Yanzu sai na riƙa ninkewa ina bitar kalmomi a zuci. Ame, ruwan sama. Kaze, iska. Umi, teku. Wani lokaci tururin yakan zama mini hazon garinsu da take ba ni labari, ƙauye a bakin teku, duwatsu a bayansa, jiragen masunta suna shigowa da safe. Ban taɓa ganin wurin ko a hoto ba a lokacin, amma na san inda gidansu yake, na san hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Sai injin ya yi ƙara ya tsaya, in dawo.

Abin da ya fi ba mu nishaɗi shi ne kalmomin da suke namu kuma nasu. Ranar farko da zan tafi ta ɗaga hannu ta ce, “Mata ne!” Na waiga in ga matan da suka shigo, ban ga kowa ba. Ashe sai an jima take nufi. Da na gaya mata abin da ta faɗa da Hausa sai ta zauna a kan matakala don dariya. Daga nan muka shiga farautarsu. Suna a wajensu yashi ne. Kusa ciyawa ce. Kaji gobara ce, abin da ya sa na ce mata kada ta kuskura ta zo gidanmu ranar Sallah ta ji ana cewa a kawo kaji. Wata kuwa auduga ce. Wannan ta fi burge ta. Ta ɗaga kai ta dubi farin wata da ya fito tun rana ba ta faɗi ba, fari sol, gefensa a yage, ta ce, “Ai kuwa audugar ce. Mutanenku sun gani da kyau.”

Bayan mako guda kakin suka fara yaushi, aka shiga matsa su. Kowanne sai an murza shi a hankali da yatsu, kamar ana tausa ƙafar jariri, don zaƙin ciki ya fito. Muna cikin haka wata yamma sai yayyafi ya sauko alhali rana tana haske. Ɗigon ruwan ya riƙa walƙiya a iska kamar an watsa gero. Ta tsaya da hannu a sama, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, “Kitsune no yomeiri.” Wai yanyawa ce ake kai wa amarya. Tana yarinya an hana su leƙa daji a irin wannan lokaci, kada su ga 'yan rakiyar. Na ce mu kuma muna yara cewa muke kura ce ta haihu. Muka yi tsaye muna kallon bayan gida, inda ba komai sai shinge da kwandon shara na ɗaliban da ke haya a can gefe, kowa da dabbar da take jira ta gani.

Gaisuwa ce ta fi shiga raina. Wata rana na dawo a gajiye, ƙafafuna kamar ba nawa ba, tana share ganye a gaban gida. Ta dube ni ta ce, “Otsukaresama.” Na tambayi ma'anarsa. Ta yi ta kewaye-kewaye da Turanci: kin gaji, na ga gajiyarki, an gode da wahalarki. Na ce, “Mama, tsaya. Sannu da aiki ke nan.” Na shekara da shekaru a ƙasar nan ina neman yadda zan ce wa abokan aikina sannu da aiki ban samu ba, ashe yana nan a gidan da ke jikin nawa. Ta ce akwai kuma wanda mai fita yake faɗi, ittekimasu, zan je in dawo, a amsa masa da itterasshai. Na ce a dawo lafiya. Wanda ya dawo ya ce tadaima, a ce masa okaeri. Na ce sannu da dawowa. Ta ajiye tsintsiyar ta ce tun rasuwar mijinta ba ta ce wa kowa okaeri ba, shi kaɗai ya koya, ɗansu tun yana firamare ya daina amsa mata da harshenta. Nawa 'ya'yan ma in na yi musu Hausa a waya da Turanci suke amsawa.

Daga ranar, in na sauko daga bas na kawo daidai ƙofarta sai in ɗaga murya in ce tadaima, in ji okaeri daga cikin shukoki ko ta tagar kicin. Har bakina ya saba. Ranar da maigidana ya dawo daga tafiya na buɗe masa ƙofa na ce okaeri. Ya tsaya da jaka a hannu ya ce, “Hajiya, lafiya dai ko? Kwana goma kawai na yi.” Da na ba shi busasshen kaki, wanda zuwa lokacin ya yi baƙi-baƙi, farin sukari ya fito masa kamar an barbaɗa gari, ya ci uku a zaune ya ce wannan ai dabino ne ya je makaranta.

Tana da yaya mace a can ƙauyen, wadda ta girme ta da shekara biyu. Duk Lahadi da safe suke magana ta bidiyo, nan hantsi can dare ya yi. Wata Lahadi ta kira ni ta zaunar da ni gaban wayar. Sai ga fuska irin tata sak, sai dai ta fi faɗi, a bayanta taga da labule shuɗi. Na gaishe ta da abin da na iya, na ƙara da cewa ni nekojita ce. Yayar ta tafa hannu tana ƙyalƙyala dariya, ta zubo magana kamar ruwan famfo. Mama ta ce wai tana tambaya ko mu biyu muna aiki kuwa, ko dai mai muke sayarwa. Abura o uru, sayar da mai, shi ne mutum ya bar aikinsa ya tsaya hira, don masu tallan mai na da can sukan daɗe suna surutu kafin man ya gama tsiyaya a kwalbar mai saye. Na ce a gaya mata man ma ya ƙare, hirar ce ta rage.

Bayan an kashe wayar Mama ta daɗe tana kallon baƙin gilashin. Da yayarta takan zama wata daban, muryarta ta ƙara sauri, har wani karin harshe na ƙauyensu take yi wanda ta ce ko mutanen birninsu ba duka suke ganewa ba. Ta ce rabonta da gida ya fi shekara ashirin. Da farko jinyar mijinta ce ta hana, daga baya tsoron doguwar tafiya, daga baya kuma ba ta san me ba.

Cikin watan Janairu, wata Litinin, na kawo ƙofarta na ce tadaima, ban ji amsa ba. Labulen kicin a rufe. Na shiga gida na ajiye jaka, zuciyata ba ta kwanta ba, na dawo na ƙwanƙwasa. Ta buɗe da rigar sanyi a karkace, ba ta taje kai ba. Ta ce 'yar yayarta ta kira da safe. Yayar ta kwanta barcin rana ba ta tashi ba.

Na yi salati a zuciyata. Ban san kalmar da suke faɗi a irin wannan ba, ban kuma tambaya ba. Na cire takalmi na shiga na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce, “Sannu Mama. Sai haƙuri.” Da Hausa na faɗa. Muka zauna har hasken taga ya sauya. Na tashi na dafa mata shayi yadda na ga tana yi, na koma gida na yi sallah, na dawo na ci gaba da zama. Ta ce in tafi in huta, na ce a wajenmu ba a barin mai rashi shi kaɗai.

Washegari na sanar da matan da muke zumunci da su. Huɗu suka zo da yamma, har da ƙawata 'yar Jos da ke waƙa a cocinsu, wadda ta zo da kunun gyaɗa a fulas. Wata ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Suka jera takalma a ƙofa, suka zazzauna a ƙasa, kowace ta ce, “Sannu Mama, ya haƙuri?” Tsohuwar ta rikice. Sai sunkuyawa take tana cewa sumimasen, sumimasen, wato a gafarce ta, ta ɗora wa mutane wahala. Na ce mata ba wahala ba ce, haka ake yi. Ta sha kunun kofi biyu, abin da ya fara shiga cikinta tun jiya. Da suka tafi ta dube ni ta ce, “Otonari-san, kao ga hiroi.” Fuskata tana da faɗi. Na taɓa kumatuna. Ta ɗan murmusa, karon farko a kwana biyu, ta ce ana faɗin haka ga mai jama'a.

A rana ta uku ne ta yi maganar da ta tsaya mini. Ta ce yanzu ba sauran wanda za ta yi wa magana ba tare da ta fara shirya ta a kai ba. Ta ce akwai kalmomin da su biyu kaɗai suka rage suna faɗi, sunan wani dutse da suke hawa, sunan da suke kiran wata irin ciyawar teku, kuma daga yau in ta manta ba mai tuna mata.

Sai na ba ta labarin da ban cika bayarwa ba. Lokacin da mahaifiyata ta rasu takarduna ba su kammala ba, in na fita ba zan iya dawowa ba, ga yara ƙanana. A waya aka yi mini gaisuwa, a waya na ji ana ɗaukar ta. Sai bayan shekara huɗu na je, na tarar ɗakinta an mai da shi wurin ajiyar hatsi. Na ce, “Mama, ke ba abin da ya riƙe ki. Ki je.”

Ta ce fasfonta ya daɗe da mutuwa. Ta ce kuma a al'adarsu akwai taron da ake yi wa mamaci a kwana na arba'in da tara, da za ta so a ce tana wurin. Na ce mu ma muna da na arba'in, kusan ɗaya ne. Na sa ta kira ɗanta a gabana. Ya yi mamaki, ya ce shekara nawa yana roƙonta ta je, shi zai raka ta.

Ranar hutuna muka hau bas zuwa cikin gari, ta riƙe hannuna a matakala. Aka ɗauke ta hoto, ta ƙi yin murmushi, ta ce ba ta san tsohuwar da ke cikin hoton ba. Muka cike takardu, muka miƙa. Da muka fito muka bi Elm Street a hankali, muka shiga wani shagon shayi muka zauna jikin taga. Rana ce mai sanyi da haske, mutane suna wucewa da manyan riguna, numfashinsu yana fita kamar hayaƙi. Ta ce tana jin kamar ta riga ta tafi, jikinta ne kawai aka bari a kujera. Ta fara lissafa mini tashoshin jirgin ƙasa daga birni zuwa ƙauyensu, ɗaya bayan ɗaya, idonta a rufe. Ban riƙe ko ɗaya ba, amma na ji kamar ina cikin jirgin, teku yana bayyana yana ɓacewa a tsakanin duwatsu.

Fasfon bai zo da wuri ba. Kullum tana bakin akwatin wasiƙa. Ta ce wuyanta ya yi tsawo, haka suke cewa ga mai jira, kubi o nagaku shite. Na ce mu ido muke zubawa, su wuya suke miƙawa. Kwana arba'in da tara ya zo ya wuce tana Glenwood. Ranar ta kunna turarenta, ni kuma na kai mata abinci na bar ta ita kaɗai, don ta ce haka take so. Bayan mako biyu fasfon ya iso.

A watan Afrilu ɗanta ya zo, dogo mai furfura a gefen kai, yana ta yi mini godiya da Turanci. Wata guda za ta yi, in ji su. Da safen tafiyar ta ba ni mabuɗi, ta nuna mini shukokin da ke son ruwa kullum da waɗanda ba sa so. Ta tsaya a bakin mota tana kallon gidan, ta kai hannu ta kama gashin ƙeyarta ta ɗan ja. Ta ce akwai maganar da suke yi, ushirogami o hikareru, mutum yana tafiya ana jan gashinsa ta baya. Ta ce shekara hamsin da wani abu da suka wuce ta ji haka a tashar ƙauyensu, ba ta zaci za ta ji shi a nan ba.

Na ce, “Itterasshai, Mama.”

Na jira ta ba ni amsar da ta koya mini, cewa za ta je ta dawo. Sai ta kama hannuwana biyu, ta sunkuya sosai, ta ce arigato, wato na gode, ta shiga mota.

Wata guda ya zama uku. 'Yar yayarta ta roƙe ta ta zauna a ɗakin marigayiyar, likita kuma ya ce doguwar tafiya ba ta dace da ita ba kuma. Kafin ƙarshen bazara ɗan ya zo ya kwashe kaya, na ba shi mabuɗi. Yanzu wasu ɗalibai ne a gidan, da kekunansu a baranda. Yaran kirki ne, suna gaishe ni.

Takan kira ni wani lokaci da safe kafin in fita. Turancinta yana raguwa, takan fara magana da shi ta ƙarasa da harshenta ba ta lura ba, ni kuma in tsinci abin da na tsinta. Kiran da ya fi zama mini a rai na cikin sanyin da ya wuce ne. Ina tsaye a tashar bas, gari bai gama wayewa ba, waya ta yi ƙara. Ba ta nuna mini fuskarta ba, sai ta juya wayar waje ta buɗe taga. Fitilar titi guda ɗaya, da rufin gidan maƙwabta, da dusar ƙanƙara tana sauka manya-manya, a miƙe, ba iska.

“Saurara,” ta ce.

Na manna wayar a kunne. Na ce, “Mama, ban ji komai ba.”

“Shi ne. Shinshin. Haka take sauka, shinshin.”

Na ce yaya za a yi abin da ba shi da ƙara a ba shi sunan ƙara? Ta ce in dai ƙara saurarawa. Na mayar da wayar gaban idona, na tsaya ina kallon dusar tana taruwa a kan rufin mutanen da ban sani ba. Har bas ya zo ya buɗe ƙofa, direban yana jirana, na ɗaga masa hannu ya ɗan dakata, sannan na hau.